Ragon Ban-Haƙurin da Zinariya Ta Ci

Duk wanda ya zauna a unguwar Mansur ta Makka ya san dariyar Zinariya tun kafin ya san fuskarta. Daga can ƙasan ciki take farowa, ta fita ta taga daga hawa na uku, har mai gasa burodi na bakin titi ya ɗaga kai ya ce yau ma wani ya ba ta labari. Sau da yawa ba wanda ya ba ta komai, ita ce ta tuna wani abin shekaranjiya. A makaranta an fitar da ita daga aji saboda dariya ya fi a ƙirga. A gidan biki ita ake ajiye wa kujera a tsakiya, a gidan rasuwa kuwa Inna Ramlatu kan zaunar da ita kusa da ƙofa, don in abin ya taso mata ta samu hanyar fita.

Sunanta na yanka Sa'adiya, amma ba mai faɗinsa a gidan, don sunan kakarta ne. Kakanta namiji da ƙafa ya baro Haɗeja, shekara tara yana tafe yana noma a gonakin mutane ta Cadi da Sudan, ya iso Makka da mata da 'ya'ya maza biyu, bai sake komawa ba. Babban cikin 'ya'yan shi ne uban Zinariya, ya rasu tana 'yar shekara shida. Uwarta ta yi wani aure a Madina, sai ƙanin uban, Baffa Ma'aruf, ya ce ba inda za a kai masa mai sunan uwarsa. Shi ya riƙe ta, shi da matarsa Inna Ramlatu, shi ya kai ta makaranta, shi ya aurar da ita. Da auren ya mutu bayan shekara uku, ba faɗa ba zagi, mijin dai mutum ne mai son shiru, shi ya je da mota ya kwaso kayanta ya mayar da ita ɗakinta na sama. Har yau Uwata yake ce mata.

Baffa Ma'aruf shekara arba'in ya yi yana gasa tsire a Mansur, har ƙafa ta ce ta gaji. Yanzu aikinsa zama a mirkaz, wannan dogon bencin katako mai darduma da ke ƙofar gida, inda maza ke shan shayi bayan la'asar. A nan ake kawo masa rigimar unguwa, ta maƙwabta da ta surukai da ta masu haya. In ya saurara ya ce ya wuce, to ya wuce, kowa sai ya shafa fatiha ya kama gabansa. Ba wanda ya taɓa jin ya mayar da maganarsa baya, kuma tsohon ya san da haka, yana kuwa ji da abin fiye da yadda yake ji da yajinsa.

Ita Zinariya aikinta a wani kamfani ne da ke unguwar Rusaifa, masu dafa wa alhazai da masu umara abinci. Shekara tara tana kan tukunyar miya, mata shida a ƙarƙashinta. Ta sha ba da labarin yadda alhazan Najeriya da Nijar kan kwana goma suna fama da shinkafa, ran da suka buɗe mazubi suka ga miyar kuka har da daddawa, sai wata tsohuwa ta aiko a tambayo ko mai miyar tana da miji, don tana da ɗa a Maraɗi. Tana son aikin nan ƙwarai, ba ta ɓoyewa. In ta ɗanɗana miya ta lumshe ido, duk kicin ɗin sai a tsaya a jira hukunci.

Matsalar daga sito ta zo. Mai kula da shi, wani Bandar, shi ke riƙe da makullin ɗakin sanyi, kuma duk safiya sai Zinariya ta shiga ɗauko nama. Ya fara da saƙo a waya, ya koma faɗin abin da ba ya faɗuwa a kan jikinta in ta juya baya. Ta yi banza da shi, ta toshe lambarsa, ta gaya masa ido da ido ya kiyaye ta. Wata safiya ya biyo ta ɗakin sanyi, ya ja ƙofa, ya kai mata hannu. Katan ɗin kaji masu ƙanƙara ne a hannunta, shi ta sakar masa a kan yatsun ƙafa ta fice. Yana ɗingishi yana ce mata mace mai dariya irin tata ai kowa ya san abin da take so.

Da ta ba matan kicin labarin kajin har da kwaikwayon ɗingishin, suka yi ta dariya. A gida kuwa kwana biyu ba ta ci abin kirki ba. Ba hannun ne kawai ya tsaya mata a rai ba, har da maganar, don ba ta taɓa zaton akwai mai jin dariyarta ya karanta mata wannan ba. Ta zauna ta rubuta ƙorafi da Larabcinta na makaranta, ta sa rana da wata, ta kai ofis aka buga hatimi, ta kuma ɗauki hoton takardar a waya. Wannan ɗabi'ar daga ƙawarta Khalida ta koya, wadda ke aiki a sashen ma'aikata na wani asibiti, ita kuwa ko takardar kunshin magani aka ba ta sai ta ɗauki hoto.

Ta jira a kira ta bincike, sai manajan kamfanin, Mish'al, ya kira ta ya ce ta yi haƙuri, lokacin aiki ne, kada a tayar da ƙura. Bayan mako guda aka ɗauke ta daga tukunyar miya aka kai ta yankan albasa. Buhu takwas a wuni, mace mai shekara tara a kan miya. Takardar gargaɗi ta farko ta zo a kan wai tana hayaniya a wurin aiki, ta biyu a kan lattin minti shida. Kafin wata biyu su cika aka miƙa mata takardar sallama, a ciki an rubuta sakaci da aiki da tayar da fitina. Bandar yana nan da makullinsa a aljihu. A gida ta ce an rage ma'aikata ne, Baffa ya ce Allah ya musanya da mafi alheri, ta ce amin ta hau sama.

Khalida ce ta tatsi gaskiyar daga bakinta, a wani shagon kayan zaƙi na kunafa a Rusaifa, kuma har cokali ta buga a tebur. Ta ce kamfanin da aka kai wa irin wannan ƙorafi dole ne ya kafa kwamiti ya bincika cikin kwanaki kaɗan, ba shi da ikon huce haushi a kan wadda ta kai. Ta lissafa mata ƙofa uku. Akwai ma'aikatar ƙwadago, inda ake kai rahoton kamfanin da ya danne ƙorafi. Akwai taswiya, wato zaman sulhu tsakanin ma'aikaci da kamfani a kan sallamar da ba ta bisa ƙa'ida, in ba a daidaita ba cikin mako uku da 'yan kwanaki sai a miƙa wa kotun ma'aikata, kuma kada ta yi sanya har shekara ta wuce. Ta ukun ita ce ta 'yan sanda, don abin da Bandar ya yi laifi ne mai zaman kansa a doka. Zinariya ta ce ta ukun nan a bar ta tukuna, ba za ta iya jin sunanta a caji ofis ba Baffa yana raye.

A nan kan teburin suka shigar da ta biyu a waya, suka liƙa hoton ƙorafin da na gargaɗin biyu da na sallamar. Da saƙo ya shigo cewa an karɓa, Zinariya ta kama ciki don dariya. Ita da ta zata sai an yi layi an sha rana, ashe ƙarar mutum ma yanzu kamar odar shawarma ake kai ta. Ta sa aka ƙaro kunafa, ta yi ta kwaikwayon fuskar da Mish'al zai yi in saƙon ya same shi, har mai shagon ya leƙo. An sa zama ranar Talata ta sama, ta bidiyo, ƙarfe goma na safe.

Sai dai Mish'al ba baƙo ba ne a Makka. Da Hausawa ya yi makaranta, ya san inda ake bi in ana son kashe magana a Mansur. Ranar Alhamis bayan la'asar, Zinariya tana Jidda wurin sunan 'yar wata ƙawarta, sai ga shi a mirkaz da farar jallabiya da wasu dattawa biyu da kwalin dabino, a bayan motarsa kuma rago. Ba ƙaramin rago ba ne, wanda ya gan shi ya ce sai da mutum uku suka sauko da shi. Mish'al ya sumbaci Baffa a ka, ya kira shi ammi, wato baffa da Larabci, ya ce ɗan saɓani ne aka samu tsakanin 'yarsa da wani ma'aikaci, rai ya ɓaci, har ta kai su ƙara. Sun zo ban-haƙuri, in ta janye, bayan aikin hajji za a duba a mayar da ita.

Baffa bai ji daɗi ba da ya ji akwai ƙara bai sani ba, amma ga manyan mutane sun tako har ƙofarsa, ga maza goma sha ɗaya suna kallo. Bai tambayi ko wane irin saɓani ne ba, don a ganinsa tonon abin da aka zo binnewa ba halin dattijo ba ne. Ya gyara hula ya ce ya wuce. Aka shafa fatiha. Da safiyar Juma'a ya wasa wuƙarsa ta da, ya yanka ragon da hannunsa, ya kwaɓa yajin da ya daɗe bai kwaɓa ba, ya ce a raba har gida goma sha huɗu.

Zinariya ta dawo daga Jidda bayan la'asar da yunwa, don abincin sunan bai yi mata ba, ta ce mai miyar tsoron gishiri take ji. Tun daga kwanar titi ƙamshi ya tare ta. Ta samu gida cike da mata, ba ta ko cire abaya ba ta ja faranti. Ta ci shinkafa da nama, ta ƙara. Ta ci tsire tsinke biyar, ta sha romon kai, ta tsotse ƙashi har ya yi fito. A matsayinta na mai sana'a ta yi wa ragon shaida, ta ce wannan ya ci gata a rayuwarsa, kitsensa ma daban ne. Daga nan ta ɗaga hannu sama da maiƙo, ta ce ko waye ya kawo ragon nan Allah ya buɗa masa, Allah ya ɗora shi a kan maƙiyansa. Mata suka amsa da amin har bene ya ɗauka.

Sai da ta wanke hannu ta tambayi wa ya haihu.

Inna Ramlatu ta ce ba wanda ya haihu, ai na ban-haƙurinta ne, manajansu ya kawo, Baffanta kuma ya riga ya yafe. Zinariya ta dube ta, ta dubi farantin da ta suɗe. Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba a taɓa ji ba ko a Mansur, ta zame daga kujera tana buga ƙasa, tana cewa ta ɗora shi a kan maƙiyansa, ita ce fa maƙiyan. Mata suka taya ta ba su san kan zancen ba. Sai da ta hau sama ta rufe ƙofa dariyar ta yanke, ta zauna bakin gado da cikinta cike da ragon Mish'al, ta gane an ɗaure ta da igiyar da ba ta san yadda za ta kwance ba.

Kafin Lahadi labari ya zaga cewa Zinariya ba ta yi niyyar janyewa ba, sai tsofaffin unguwa suka zama malamai. Wata ta ce abin da aka ci cikin rashin sani ba ya kama mutum. Wata ta ce faranti na farko ne rashin sani, na biyu kam ya kamata a ce ta tambaya. Ta uku ta ce ita ba naman ne ya dame ta ba, addu'ar ce, don mata ashirin sun ce amin, ba a kuma san yadda ake karɓo amin ba. Duk inda Zinariya ta bi sai an tare ta a ce an ga saƙo, Allah ya ƙara haɗa kai. Har mai gasa burodi ya ce shi ƙafar baya aka kawo masa, ya gode.

Ta kira Khalida tana shirin kuka, sai Khalida ta ce ita ma ta ci, hanta ma aka aiko mata, kuma wallahi ya yi daɗi. Suka yi dariya a waya har numfashi ya ɗauke. Da suka natsu Khalida ta ce doka ba ta san rago ba. Haƙƙin na wadda aka sallama ne, ba baffa ba kawu da zai yafe shi a madadinta, in ba ita ta ce ta janye da bakinta ta sa hannu ba, ko raƙumi aka yanka ƙara tana nan.

"Ba doka nake tsoro ba, Khalida," in ji Zinariya. "Mutumin nan a gaban maza goma sha ɗaya ya ce ya wuce. In na ci gaba, ni ce zan fara ƙaryata shi a Mansur, ni da ya goya."

"To gaya masa abin da aka yi miki."

"Da wane bakin?"

Nan ne gizo yake saƙar, don ba 'yar da ke zama gaban baffanta ta faɗi irin wannan. Ta bi ta hannun Inna Ramlatu. Ta juya fuska bango ta gaya mata rabi, Inna ta yi salati, ta je ta gaya wa Baffa rabin rabin, wai yaron ya yi mata magana marar daɗi. Baffa ya ce ai shi ya sa suka zo da rago. Zinariya ta yi ta maza ta ce da kanta za ta faɗa. Sau uku tana kai masa shayi ta durƙusa, sau uku yana cewa, "Uwata, da magana ne?" Na farko ta ce na'urar sanyin falo tana ɗigo. Na biyu ta ce kyanwar maƙwabta ta haihu a bayan tanki. Na uku dariya ce kawai ta zo, shi ma ya yi murmushi ya ce Allah ya shirye ta.

Ran Litinin da yamma ta ce wa Khalida janyewa za ta yi, ta huta. Khalida ba ta yi mata faɗa ba, ta dai tambaye ta wa ke shiga ɗakin sanyi ɗauko nama yanzu. Zinariya ta san amsar, wata yarinya ce 'yar kicin ɗinsu da ita ta koya wa yadda ake zaɓen ƙashin miya. Ta ajiye waya, gari kuma ya waye mata ba ta san abin da za ta yi ba.

Abin da ba ta yi tsammani ba shi ne Baffa zai halarci zaman. Tun ƙarfe tara ya fito cikin jallabiyarsa ta Juma'a, ya sha turare, ya ce tunda shi ya ɗaura sulhun shi zai tsaya a ga an rufe shi da mutunci. Aka jingina wayar da fulas ɗin shayi a tsakiyar falo. Inna Ramlatu da maƙwabta biyar suka jeru a bayan labule, wai sun zo aron turmi. Da mai sulhun ya bayyana, wani mutum mai gilashi da haƙuri, Baffa ya kai fuskarsa dab da wayar har ba a ganin komai sai hancinsa, ya shiga gaisuwa. Ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, ya tambayi mahaifa ko suna raye. Zinariya tana ja masa hannun riga, tana cije leɓe kada ta fashe.

Mish'al ya fito a ɗaya gefen daga ofishinsa, fuska a sake. Ya ce in sha Allahu zaman ba zai ɗauki minti biyar ba, don an riga an daidaita da babban gidan, ga shi nan ma a zaune. Baffa ya gyaɗa kai ya gyara zama. Mai sulhun ya ce yana girmama dattijo, amma sunan da ke gabansa Sa'adiya ne, ita zai tambaya.

"Kin janye ƙararki?"

Ta dubi Baffa, yana mata murmushin ƙarfafa gwiwa. Ta buɗe baki, abin da ya saba zuwa ya zo, wata 'yar dariya ta tsoro da ba ta kira ba.

"Ka gani," in ji Mish'al. "Dariya ma take yi. Haka take, ba ta ɗauki komai da zafi ba. Tun farko abin wasa ne."

Dariyar ta ɗauke. Ta ji kunnuwanta sun yi zafi, ta ji kamar ta koma ɗakin sanyin nan an ja ƙofa. Ta karɓi wayar Inna da ta tura wa hoton takardar, ta ce wa mai sulhu ba ta janye ba, kuma tana so ta karanta abin da ta kai ofis da hatiminsu a kai, don a ga abin da ya zo kafin albasa da gargaɗi da sallama.

Ta karanta. Ba ta ɗaga ido ba ko sau ɗaya, gwiwar Baffa tana dab da tata. Ta karanta saƙonnin da ranakunsu, ta karanta kalmomin da ake faɗa in ta juya baya, yadda aka faɗe su. Ta karanta ƙofar da aka ja, da inda hannun ya kai, da abin da aka ce game da dariyarta. Daga nan ta jero ranar ƙorafi, ranar da aka ɗauke ta daga miya, ranakun gargaɗi, ranar sallama, ta ce har yau ba wanda ya kira ta bincike. A bayan labule ko tari ba a yi ba.

Da ta gama kunya ta rufe ta har ta ji da ƙasa za ta buɗe da ta shige. Hannun Baffa kawai take iya gani, a kan gwiwarsa. Sai Baffa ya matso, wannan karon bai kai hanci ba, ya zauna daidai yadda za a gan shi.

"Mish'al," ya ce da Larabci a hankali. "Ran da ka zauna a mirkaz ɗina, ka san wannan takardar?"

Mish'al ya fara cewa ai ba a tabbatar ba, ai lokacin aiki ne, ai ammi ya san halin ma'aikata. Baffa bai bari ya kai ƙarshe ba, ya juya ga mai sulhu.

"Ɗana, ban san ko maganata tana shiga takardarka ba. In tana shiga, rubuta. Na yafe abin da ba nawa ba, ban kuma tambayi mene ne ba. Abin da na faɗa ran Alhamis na janye shi."

Mai sulhun ya ce maganar Sa'adiya ce ke shiga, amma ya ji. Mish'al ya yi wuf ya ce a mayar da ita aiki gobe-gobe, har kan tukunyarta. Zinariya ta ce tana son tukunyarta, Allah ya sani, amma sai an goge sakaci da fitina daga takardarta, sai an yi binciken da ba a yi ba, sai kuma an karɓe makulli daga hannun Bandar kafin a gama. Mish'al ya ce wannan ba ya hannunsa. Mai sulhun ya rubuta ba a daidaita ba, ya ce za a miƙa wa kotun ma'aikata, saƙo zai zo mata a waya. Fuskokin suka ɓace, aka bar fulas ɗin shayi.

Masu aron turmi suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta tuna da turmi. Baffa yana zaune yana kallon darduma.

"Wata uku kina ɗauke da wannan, Uwata," ya ce da Hausa. "Kina kawo mini shayi kina ba ni labarin kyanwa."

"Kunya ce, Baffa."

"Ni ya kamata in tambaya. Ni na yanka shi, ni na zuba miki a faranti." Ya share fuska da gefen rawaninsa. "Ki yafe mini."

Tun tana 'yar shekara shida ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakinsa zuwa ga kowa ba. Ta so ta ce ba komai, kuka ya hana ta, sai ta kama hannunsa ta riƙe. Ya tambaye ta ko akwai inda ake kai shi wancan mai makullin, ban da kamfani. Ta ce akwai, wurin 'yan sanda, amma ta bar shi saboda kada sunan gidan ya shiga can. Ya ce ta ɗauko abayarta.

Suka sauko bene yana gaba da sandarsa, mataki ɗaya-ɗaya. An fito daga sallar azahar, maza sun ɗan taru a inuwar mirkaz, cikinsu har da bakwai daga waɗanda suka shafa fatiha ran Alhamis. Suka miƙe suna tambayar ko an rufe magana lafiya. Zinariya ta ja baya ta sunkuyar da kai, tana fatan ya wuce kawai. Bai wuce ba. Ya tsaya a tsakiyarsu, ya ce su zauna, yana da abin faɗa kuma yana so su kai wa sauran. Ya ce sulhun da ya yi a gabansu kuskure ya yi, 'yarsa ce mai gaskiya, ƙara tana nan, kuma yanzu haka caji ofis zai raka ta. Bai rage ko kalma ɗaya ba. Wani ma ya kawar da kai don kada ya ga idon tsohon. Baffa ya miƙa mata hannu ta taimaka masa ya sauka daga dakali, suka nufi bakin titi neman mota.